Tururuwar karammiski a tsakar gida: inda zafin harbi ya rabu da haɗarinsa

A makon da ruwan shuka ya sauka a Maradi bana, wata rana da la'asar sakaliya, 'yar ƙanwata mai shekara 6 tana wasa a gindin bedin da ke tsakar gidanmu, sai muka ji ta ƙwalla ƙara irin wadda ke sa uwa ta saki muciya a tukunya. Kafin in miƙe daga tabarma mahaifiyata ta riga ta isa wurinta, tana salati tana cewa kunama ce, a kawo zare a ɗaure yatsan kada dafi ya hau. Yarinyar kuwa tana yarfe hannu tana nuna ƙasa, tana cewa, "Kawu, ba kunama ba ce, wata tururuwa ce mai kyau, ɗaukar ta kawai na yi." Na ce, "Inna, a dakata da zaren tukuna, mu ga abin da ya harbe ta." Da na duba inda take nunawa, sai ga wani ɗan ƙwaro yana sheƙa gudu a kan rairayi ya nufi gindin katanga, na yi sauri na kife shi da ƙaramin kofin gilashin da muke shan shayi.

A cikin kofin ne na samu damar ƙare mata kallo. Tsawonta bai wuce santimita 1 da 'yan kai ba, kanta baƙi ne, tsakiyar jikinta ja ne kamar busasshen barkono, cikinta kuma baƙi wuluk da ɗigo-ɗigon fari kamar an ɗiga mata alli, kuma duk jikin lulluɓe yake da wani gashi gajere mai sheƙi. Ba ta da fuka-fuki, ba ta kuma tsaya ko sau ɗaya ba, tana ta kewaya bakin kofin. Da na zura tsinken tsintsiya na danne ta kaɗan, sai na ji wani siririn kuka, tsi-tsi-tsi, wanda sai mutum ya kawo kunnensa kusa yake jin sa, na kuma ga wani dogon ƙari yana fitowa daga ƙarshen cikinta yana lanƙwasa ta ko'ina yana neman abin da zai soka.

Wannan ƙwaron shi ne Turawa suke kira da sunan da ma'anarsa ita ce tururuwar karammiski, saboda laushin gashinta da sheƙinsa, masana ƙwari kuma suna kiran danginta Mutilide. Abin da ya sa na ga ya dace a yi wa masu karatu fashin baƙi a kanta shi ne, ta haɗa abubuwa biyu da hankalinmu bai saba haɗawa ba: harbinta yana cikin mafi zafi a duniyar ƙwari, amma dafinta yana cikin marasa ƙarfin yi wa jiki ɓarna. Mu kuwa a gidajenmu da ƙarar kuka muke auna haɗari, kuma wannan ma'auni yana sa mu yi wa yaro ɗanyen magani a inda ruwan sanyi ya isa, wani lokaci kuma ya sa mu yi sakaci a inda ya kamata a ruga gidan likita.

Da farko dai, kama da wane ba ta wane. Wannan halitta ba ta cikin tururuwa ko cinnaka ko kiyashi, 'yar dangin rina da zanzaro ce, sai dai macen ba ta da fuka-fuki, shi ya sa take yawo a ƙasa har ido ya ɗauke ta tururuwa. Namijin yana da fuka-fuki, yana tashi, kuma sau da yawa kamanninsa sun sha bamban da na macen, har masana sun sha ba wa miji da mata na nau'i ɗaya sunaye daban-daban kafin a gane cewa abu guda ne. A wasu nau'o'in namijin ya fi macen girma nesa, yakan sunkuce ta ya tashi sama da ita lokacin barbara. Shi ba ya harbi ko kaɗan, domin ƙarin da ƙudan zuma da rina da zanzaro suke harbi da shi asalinsa bututun saka ƙwai ne da ya rikiɗe ya zama makami, saboda haka mace kaɗai ke da shi. Masana sun tantance fiye da nau'i 7,000 na wannan dangi a faɗin duniya, kuma sun fi yawa a wurare masu zafi da busasshiyar ƙasa mai rairayi.

Mai lura zai iya raba ta da tururuwa ba tare da ya taɓa ta ba. 'Yan ƙahonnin kan tururuwa a karye suke kamar gwiwar hannu, ƙugunta kuma yana da ɗan ƙulli tsakanin ƙirji da ciki, alhali ƙahonnin wannan a lanƙwashe kawai suke, ƙugunta kuma ba shi da ƙullin. Alamar da ta fi sauƙi ita ce tafiya: tururuwa a jere take bin hanya ɗaya ita da 'yan'uwanta, wannan kuwa kullum ita kaɗai ce, tana gudu tana karkacewa kamar mai neman abin da ya ɓace mata. Akwai wani ruɗanin da ya fi damuna game da yara. A farkon ruwa akan ga wani ɗan ƙwaro ja zur mai laushi kamar karammiski, wanda yara suke kira damina, suna ɗora shi a tafin hannu suna wasa da shi. Shi ɗan dangin gizo-gizo da kaska ne, ƙafafunsa 8, tafiyarsa a hankali, kuma ba ya harbi. Yaron da ya saba ɗaukar damina, idan ya ga wani abu ja mai gashi a kan rairayi, hannu zai kai masa, kuma abin da ya faru da 'yar ƙanwata ke nan.

Me ke kawo ta tsakar gida? Amsar tana ƙarƙashin ƙafafunmu. Baya ga ƙudan zuma da muka sani a amya, akwai ƙudan zuma da zanzaro iri-iri masu zaman kaɗaici, waɗanda macensu ke haƙa ɗan rami a cikin rairayi, ta tara abinci, ta saka ƙwai, ta toshe bakin ramin ta tafi. Duk wanda ya taɓa lura da ƙananan ramuka masu faɗin tsinken ashana ko fensir a gindin katanga, ko kusa da randa inda ƙasa ke da ɗan danshi, ya ga gidajensu. Waɗannan ramuka su tururuwar karammiski ke nema a duk wannan gudun da take yi. Idan ta sami wanda tsutsar cikinsa ta gama cin abincinta ta naɗe kanta a kwanso tana jiran rikiɗa, sai ta kutsa ciki, ta saka ƙwanta a jikin tsutsar, ta fito ta ci gaba da yawo. Ƙwan yakan ƙyanƙyashe, tsutsarta ta cinye mai gidan, ta yi tata rikiɗar a ɗakin da ba ita ta gina ba, sannan ta fito a matsayin babba. Ita babbar kuwa ruwan zaƙin fure take sha, ba ruwanta da jinin mutum ko hatsin rumbu ko abincin da aka ajiye.

Ƙasar Maradi kamar don wannan rayuwa aka yi ta. In ban da fadamar Gulbin Maradi da ke da laka, yawancin garin da ƙauyukan da ke kewaye da shi a kan jigawa suke, ruwan da ke sauka a shekara kimanin milimita 500 ne tsakanin Yuni da Satumba, sauran watannin kuma ƙasa a bushe take tana shan rana. Yawancin gidajenmu ba a dafe tsakar gidansu da siminti ba, rairayi ne ake sharewa safe da yamma. Inda duk masu haƙa rami suka samu wurin zama, mai neman ramukansu za ta biyo baya, musamman bayan ruwa ya sauka, furanni sun fito, ƙwari sun yawaita.

Daga wannan bayani za a gane wani abu mai amfani ga maigida. Ba ta da sheƙa, ba ta da shuri, ba ta da sarauniya ko runduna da za ta fito ta kare gida kamar yadda rina ke yi idan an taɓa sheƙarta. Wanda ya ga ɗaya a tsakar gidansa, ɗaya ɗin ya gani, kuma wucewa take yi. Tonon gindin katanga da zuba kalanzir a ramuka don neman uwar gayyar wahala ce kawai.

Batun da ya fi jan hankalin masana shi ne yawan kariyar da aka tara wa wannan ƙaramar halitta, kuma idan aka dubi irin rayuwarta sai a ga hikimar hakan. Ga ta ba fuka-fuki, tana yawo a fili da rana tsaka a gaban ƙadangare da tsuntsu da kwaɗo, tana iya shafe kwanaki kafin ta dace da ramin da ya yi mata, kuma idan ta same shi, gidan mai harbi ne za ta shiga ba da sallama ba. Saboda haka kariyarta hawa-hawa ce. Launinta na ja da baƙi da fari sanarwa ce daga nesa cewa a kiyaye. Idan mai farauta bai ji wannan ba ya matso, sai ta sa gudu, kuma ƙafafunta suna da ƙarfi sosai domin gurbin da naman fuka-fuki zai zauna a ƙirjinta naman ƙafa ne ya cike shi. Idan aka cafke ta, sai ta goga gaɓoɓin cikinta biyu da juna ta fitar da wannan kukan da na ji a cikin kofi, ta kuma saki wani wari daga kusa da bakinta. Fatar jikinta kuma sulke ce ta gaske, mai tauri da santsi da zagaye, har haƙori da baki suna zamewa a kanta. A wani gwaji da aka buga a 1977 an gano cewa ƙarfin da ake buƙata kafin a murƙushe wani nau'inta na Amurka ya ninka wanda ake buƙata wajen murƙushe ƙudan zuma kusan sau 11, kuma masu tara ƙwari sun san yadda allurar ƙarfe ke gocewa idan sun zo soke ta. Wannan ne dalilin da mutum zai taka ta da silifa a kan rairayi, ya ɗaga ƙafa, ya ga ta karkaɗe jiki ta ci gaba da tafiya.

Harbi shi ne matakin ƙarshe, bayan duk waɗannan gargaɗi sun ƙare. Ƙarinta yana iya kai rabin tsawon jikinta, yana cikin mafi tsawo a dangin masu harbi idan aka gwada da girman jiki, kuma yana juyawa kusan kowace fuska, saboda haka babu wani gefen da za a riƙe ta da yatsa a tsira. Ba ta kuma barin ƙarin a jikin wanda ta harba kamar ƙudan zuma, tana iya maimaitawa. A 2018 wasu masu bincike a Amurka sun buga sakamakon gwajin da suka yi, inda suka miƙa irin waɗannan ƙwari ga ƙadangaru da tsuntsaye da kwaɗi da ƙananan dabbobi masu cin ƙwari irin su jaɓa, kuma kusan dukkansu ko dai sun ƙi taɓa su, ko sun cafka sun saki. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma a kan wannan ka'ida nau'o'in tururuwar karammiski da ke zaune a yanki ɗaya suke ɗaukar launi iri ɗaya, ta yadda ƙadangaren da ɗaya ta koya wa hankali zai guji sauran baki ɗaya. Jan ƙirji da baƙin ciki mai ɗigon fari, irin wanda na gani a gidanmu, yana cikin tufafin da suka fi yaɗuwa a tsakanin na Afirka. Har wasu gizo-gizo da ƙwarin da ba su da wani harbin kirki suna aron wannan kama don a bar su.

Game da zafin kansa, wanda ya fi kowa bin diddiginsa shi ne Justin Schmidt, masanin ƙwari ɗan Amurka da ya yi aiki a jihar Arizona, ya rasu a 2023. Ya shafe shekaru ƙwari iri-iri suna harbinsa a bakin aikinsa, ya tsara ma'aunin zafin harbi daga 1 zuwa 4, wanda ya fara bugawa a 1983. A wannan ma'auni ƙudan zuma yana kan 2, wata babbar tururuwa ta dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu tana kan 4, wani babban nau'in tururuwar karammiski na kudu maso yammacin Amurka kuma yana kan 3, da raɗaɗin da kan kai kusan rabin awa. Ƙananan nau'o'in sun tsaya tsakanin 1 da 2, domin girman ƙwaron yana da nasaba da yawan dafin da yake zubawa. A gabashin Amurka akwai wani nau'i ja da baƙi mai tsawon kusan santimita 2 da manoman can suka laƙaba wa suna mai kashe saniya, saboda tsananin zafin harbinsa, alhali ba ya kashe saniya, ba ya kuma kashe mutum.

A nan ne zafi ya rabu da haɗari. Da aka gwada dafin wannan babban nau'in na kudu maso yammacin Amurka a jikin ɓeraye, an tarar cewa idan aka auna nauyi da nauyi, dafin ƙudan zuma ya fi shi ƙarfin kisa kusan sau 25. Dalilin a fili yake idan aka tuna aikin da kowane dafi yake yi wa mai shi. Kunama tana buƙatar dafin da zai kwantar da abin da za ta ci, ƙudan zuma suna kare dukiyar amya daga manyan dabbobi, ita kuwa wannan abin da take nema kawai shi ne a sake ta nan take, a kuma tuna da ita gobe. Dafin da ke tayar da jijiyoyin jin zafi cikin ƙiftawar ido ya ishe ta, ba ta da buƙatar ruɓar da nama ko tsayar da zuciya. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Indiana, aka buga a farkon 2025, ya nuna cewa sinadarin da ya fi yawa a dafin mai kashe saniya jijiyoyin jin zafi na ƙwari yake kamawa, wasu sinadarai daban ne suke jawo raɗaɗi a jikin ɓera. Wato dafi ne da aka harhaɗa don ya yi wa abokan gaba iri-iri magana da harshen da kowannensu ke ji.

Saboda haka abin da za a yi wa wanda ta harba ba shi da yawa. A wanke wurin da ruwa da sabulu, a naɗe ƙanƙara a tsumma mai tsabta a ɗora na kimanin minti 10, a ɗaga a sake maimaitawa, in babu ƙanƙara ruwan randa mai sanyi ma yana rage raɗaɗi. Idan a yatsa ne a cire zobe kafin kumburi ya zo. Ana iya ba da farasitamol daidai da shekarun mutum da nauyinsa, idan kuma ƙaiƙayi ya biyo baya a tambayi ma'aikacin lafiya maganin da ya dace, a kuma hana yaro sosa wurin da farce mai datti. Abin da nake roƙo a bari shi ne ɗaure yatsa da zare ko roba, da tsaga wurin da reza, da tsotsa, da shafa fetur ko kalanzir ko baƙin cikin batir. Ban zargi mahaifiyata da ta nemi zare ba, ƙauna ce da tsoro, kuma haka ta ga ana yi tun tana ƙarama, amma ɗaurin da ya hana jini gudu a yatsan ƙaramin yaro ya fi harbin kansa illa, tsagar reza kuma ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta har da na sandarewar jiki. Mu ƙanƙara muka sayo a maƙwabta muka ɗora wa yarinyar. Kukan ya lafa kafin kiran magariba, yatsan ya kwana da ɗan kumburi da ja, washegari da hantsi tana cin tuwon ɗumame da hannun.

Akwai yanayi biyu da ba a zama a gida a kansu. Na farko shi ne idan jikin mutum ba ya jituwa da dafin masu harbi, abin da kan faru ga wasu mutane ƙalilan ko da ƙudan zuma ne ko rina. Alamominsa su ne borin jini a sassan jikin da ke nesa da wurin harbin, kumburin fuska ko leɓe ko harshe, shaƙewar murya, numfashi da ƙyar, jiri ko suma, kuma sukan bayyana cikin mintuna. Wannan ba ya jiran safiya, allurar adirenalin ce maganinsa, a gidan likita ake samun ta. Na biyu, wanda a ƙasarmu ya fi kusa da mu, shi ne idan ba a ga abin da ya yi harbin ba, musamman da dare ko a cikin takalmi ko ƙarƙashin tabarma. A Nijar akwai kunamu masu dafin da ke iya kashe ƙaramin yaro, kuma yankin Agadas ya daɗe yana fama da su. Yaron da aka harba ya fara zufa mai yawa, ko dalalar da miyau, ko amai, ko fizge-fizge, ko numfashi da sauri, a ɗauke shi a tafi, ko da kukansa bai kai na 'yar ƙanwata ba. Harbin da ba a ga mai shi ba a jikin yaro, gara a ɗauke shi na kunama har ma'aikacin lafiya ya duba.

Wani maƙwabcinmu da ya ji labarin ya ba ni shawarar in sayo fiya-fiya in feshe tsakar gidan gaba ɗaya. Ban yi ba, kuma ba na ba kowa wannan shawara. Guba ce mai ƙarfi da za a zuba a rairayin da yara ke rarrafe a kai, kaji ke tono, ake kuma shanya hatsi a kusa, duk don ƙwaro ɗaya da ba ya kwana a wuri guda, wanda wani irinsa zai iya shigowa ta ƙarƙashin ƙofa gobe. Waɗanda feshin zai fi kashewa su ne ƙudan zuma masu haƙa rami, waɗanda ke ɗaukar garin fure tsakanin furannin kuɓewa da kabewa da yakuwa, da zanzaron da ke kwashe tsutsotsi da fara daga shuke-shuke. Ita kanta tururuwar karammiski tana da nata gurbin a wannan tsari, har ma a kudancin Afirka akwai nau'in da ke saka ƙwai a kwanson ƙudan tsando, mai yaɗa sammore ga shanu da ciwon barci ga mutane, kuma tun farkon ƙarni na 20 masana suka fara nazarin ko za a iya amfani da shi wajen rage tsandon.

Abin da muka yi a gidanmu shi ne, kafin in saki wadda na kama, na tara yaran gidan da na maƙwabta, na nuna musu ita a cikin kofin ɗaya bayan ɗaya, na sa kowannensu ya ƙirga ƙafafunta 6, ya ga ɗigon farin da ke cikinta, ya kuma kawo kunne ya ji kukanta, domin su raba ta da damina. Na ce duk wanda ya gan ta ya kira babba, kada ya kai hannu, kada kuma ya taka da ƙafa ba takalmi. Yanzu ana kakkaɓe tabarma kafin a shimfiɗa, ana zazzage takalma da safe, jaririn gidan kuma ba a ajiye shi a kan rairayi sai da shimfiɗa. Ita kuwa na zura takarda a ƙarƙashin kofin, na kai ta bayan gida inda ciyawa ta fara tsirowa, na ɗaga kofin, ta shige cikin ciyawar da gudunta.